Fentin 504 ɗin Baba Ya Dushe: A Kankare a Sake Feshi, Ko a Bar Shi?

Tambaya: Wani matashi daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko yana cewa mahaifinsu ya rasu ya bar musu Peugeot 504 shuɗiya, wadda ya saya sabuwa wajen ƙarshen shekarun 1970. Ta daɗe a rumfa ba a hawa. Fentin ya dushe, in ka shafa hannu sai wani gari ya biyo tafinka, ga kuma tsatsa a gindin ƙofofi biyu. Fanel-bita ya ce a kankare ta kaf a sake feshi, yayyensa sun yarda, suna son a gama kafin bikin ƙanwarsu. Shi kuwa ransa bai kwanta ba, yana neman shawara.

Amsa: Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Amsata a taƙaice, ɗana, ita ce kada a ɗora mata samfefa tukuna. Sake feshi ba ya guduwa. Ko bayan shekara goma kuka ga dama, mai fenti yana nan da bindigarsa. Amma fentin da mota ta fito da shi daga masana'anta sau ɗaya ake yin sa, kuma ranar da aka kankare shi ya tafi ke nan, ko nawa za ka kashe.

Bari in faɗa maka dalili, don kada ka ɗauka son tsohon abu ne kawai irin namu na dattawa. A masana'anta, gangar jikin mota ake fentawa tun tana tsirararta: babu gilashi, babu roba, babu waya, babu kujera. Ana wanke ƙarfen a cire masa maiƙo, a tsoma shi cikin sinadarin da ke sa fenti ya kama shi da kyau, a sa fentin ƙasa, a sa launi, sannan a shigar da gangar cikin tanda a gasa ta da zafin da ya wuce digiri 120. Wannan gashin shi ne sirrin. Shi ke sa fentin ya yi tauri ya kuma manne da ƙarfe. Motar da aka riga aka haɗa ba ta gasuwa haka, don roba da waya da gilashi ba za su jure ba. Mai fentin da ya fi kowa kayan aiki, ɗakin feshinsa ba ya wuce digiri 60 ko kusa da haka. Balle kuma irin feshin da aka fi yi mana, a fili, a gindin darbejiya, an liƙe gilasai da tsohuwar jarida, iska tana kawo ƙura tana zubawa a kan ɗanyen fenti. Ranar da ta fito za ta yi sheƙi, kowa ya yaba. Ka jira damina biyu ka gani. Akwai masu fenti na ƙwarai a Kano, ban ce babu ba, sai dai aikin ƙwarai yana cin lokaci da kuɗi, ba abin da ake yi a guje don biki ba ne.

In a Najeriya Alhaji ya saye ta sabuwa a wancan lokaci, akwai alamar haɗin Kaduna ce, domin masana'antar Peugeot ta can ta fara aiki a 1975. Ita 504 a Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, kuma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da dainawa. Dubbai aka yi, amma ka duba tashoshinmu: nawa ne suka rage da fentinsu na asali? Haya ta cinye su, waɗanda suka tsira kuma an fesa su sau biyu sau uku. Irin taku ce ta yi ƙaranci.

To amma kafin mu yi ta kare fentin nan, sai mun tabbatar na asalin ne. Mai yiwuwa Alhaji ya taɓa sa an fesa ta kana ƙarami, ba ka sani ba. Ka fito da ita da hantsi, ka buɗe ƙofar direba, ka ɗaga robar bakin ƙofa da ɗan yatsa ka leƙa ƙarƙashinta. Nan rana ba ta taɓa kaiwa ba, don haka launin da ka gani shi ne wanda ta fito da shi. Ka duba cikin but, ƙarƙashin tabarmar, da ɗakin inji. Sannan ka bi robobin gilashi da ƙarafan ado da hannun ƙofa da ido: masana'anta tana fenti kafin ta ɗaura waɗannan, saboda haka in ka ga ɗigon shuɗi a kan roba, ko wani layi mai kaifi a gefenta inda aka taɓa liƙa salatif, to hannun mai feshi ya bi ta wurin. Ka kuma tsuguna a gefen motar ka kalli jikinta a karkace, haske yana zuwa daga gaba. Wurin da aka yi wa aiki za ka ga 'yan siraran layukan samfefa a ƙarƙashin fentin, ko jikin yana ɗan tashi yana sauka.

Sai gwajin maganaɗisu. Ka samu ɗan ƙarami mara ƙarfi sosai, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce ta, ka riƙa ɗora shi wuri-wuri: gindin ƙofofi, bakin taya, kusurwoyin baya. Inda ƙarfe ne da fenti kawai, zai kama caraf. Inda ya yi sanyi ko ya faɗo, fila ce a ciki, wato ƙullun da fanel-bita ke cike lotsawa da shi kafin feshi. Masu sana'a suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti. Na masana'anta yakan tsaya tsakanin maikuron 100 zuwa 150, wato kaurin takardar littafi ɗaya ko ɗaya da rabi, tunda maikuron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. In na'urar ta nuna 300 ko 400, an sake feshi. In ta haura 1,000, fila ce.  Ka riƙe wannan adadi a ranka, don duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya rataya: abin da ke tsakanin ƙarfen motar da ruwan sama bai fi takarda kauri ba, kuma shekara arba'in da wani abu sun riga sun ci rabonsu.

Garin nan da ke biyo tafinka, wanda ya tayar maka da hankali, ni kuwa shi ya kwantar mini da nawa. Fentin mota iri biyu ne. Na da, launi da sheƙi a haɗe suke cikin shafi ɗaya. Haka ake yi tun 1924, lokacin da kamfanin General Motors na Amurka ya fara fesa wa motocinsa fentin Duco mai saurin bushewa, har zuwa shekarun 1980 da aka koma sa launi daban, a rufe shi da wani ruwan ƙyalli mara launi, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Mai kiliya in ya lalace, ɓarewa yake yi yana yin fari-fari, ka ga rufin mota kamar ya yi kyasbi. Irin wannan ba shi da magani sai feshi, kuma za ka gan shi a kan tokumbo da yawa. Mai shafi ɗaya kuwa ba ya ɓarewa haka. Hasken rana yana cinye danƙon da ke riƙe da ƙwayoyin launi a can sama-sama, sai launin ya saki ya zama gari. Wanda ke ƙasa yana nan da ransa. Ja ya fi kowane launi saurin yin haka, fari da shuɗi mai haske sun fi juriya.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka wanke wuri kamar faɗin tafin hannu a ƙasan ɓangaren baya, inda ido bai cika kaiwa ba. Ka ɗiga folish mai laushi a kan farin ƙyalle, ka murza a hankali kamar sau goma, ka juyo ƙyallen. In ya yi shuɗi, mai shafi ɗaya ne. Ka goge wurin da busasshen gefen ƙyallen, ka ja da baya ka duba. Yawanci za ka ga wani ɗan fili mai zurfin launi ya bayyana a tsakiyar dusashen jiki, har kana iya hango inuwar fuskarka a ciki. Wannan ɗan filin za ka kira yayyenka su gani. Ya fi duk bayanin da za ka yi musu da baki.

Yanzu wanki, kuma a nan zan daɗe, domin abin da ya fi kashe fenti a ƙasarmu ba rana ba ce ita kaɗai, tsumma ne. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, cike take da ɓarɓashin yashi, shi kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk safiyar da yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya karkaɗe mota ya goge, samfefa ya yi mata ba tare da ya sani ba. Direbobin da suna alfahari da wannan, tsumma a kafaɗa, ko'ina aka tsaya sai an goge, ga shi kuwa shi ya sa fentin saman bonet ke fara mutuwa. Doka ta farko ke nan: hannu ba ya taɓa jikinta sai ruwa ya riga shi. A kwarara mata ruwa daga sama zuwa ƙasa, a bari ƙura ta jiƙa ta gangara da kanta.

Bokiti biyu za ka ajiye, ɗaya mai kumfa, ɗaya ruwa zalla. Ka tsoma tawul mai laushi a na kumfa, ka wanke ɓangare ɗaya, ka ɗauraye shi a na ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin kumfa, don yashin ya zauna a can. Ka fara da rufi, ka ƙare da gindin ƙofofi da bakin taya, kuma tawul ɗin ƙasa daban ne, ba ya hawa sama. In ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Soson wanka na leda da soson buhu, a bar su a banɗaki. Garin sabulun wanki ma haka: yana da kaifi, yana kwashe duk maiƙon da ya rage, ya bar tsohon fenti a bushe ƙamas. Sabulun ruwa na wankin mota ake nema, ana samu a shagunan kayan mota a Kano da Dutse. Kada a yi wankin da rana tsaka, ƙarfe yana zafi. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Ruwan burtsatse da na wasu rijiyoyi yana da gishiri-gishirin da ke barin farin tabo, irin wanda kake gani a cikin butar shayi, don haka kada a bar shi ya bushe a jikinta, a tsane shi nan take. In kuna tarar ruwan sama, shi ya fi kyau ga ɗauraya ta ƙarshe.

Bayan ta bushe, kada ka yi gaggawar dirza. Fentin da ya shekara da shekaru ba a kula da shi ba yana da ƙishi. Akwai man shafi na musamman da ake yi don irin wannan fenti, mai maiƙo, wanda ba shi da ɓarɓashin ci. Ana shafa shi da kauri, a bar shi ya kwana, a goge da safe, a maimaita sau biyu ko uku. Za ka ga ƙyallen yana kwaso mataccen garin, launi yana dawowa, alhali ba ka ci komai daga lafiyayyen fentin ba. Sai bayan nan, in akwai buƙata, a bi da folish mafi laushi, da hannu, ɓangare-ɓangare.

Folish kamar wasa wuƙa ne: kowace wasawa tana ƙara kaifi, tana kuma rage ƙarfe. Sheƙin da kake gani yana fitowa, fenti ne ka cire ka samu. Saboda haka a hankali, musamman a kan gefuna da kusurwoyi, bakin bonet, saman ƙofofi, da layin da ya bi jikin motar daga gaba zuwa baya, domin a nan fenti ya fi siranta tun daga masana'anta. Da zarar ka ga launi ya fara haske, ko wani toka-toka ko ja-ja yana leƙowa daga ƙasa, fentin ƙasa ne, ka tsaya cak. Injin goge mai juyawa kuwa, in ba a hannun wanda ya ƙware ba, cikin daƙiƙa kaɗan zai huda maka gefe. Ni ban yarda a kusanto da shi ba. Kuma ka cire wa ranka cewa za ta koma madubi. Ba za ta koma ba, ba ma shi ake nema ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai dabarun tasha da za a kawo maka, ka ƙi su duka. Wani zai ce a shafa baƙin mai, wani gas, wani kananzir, wani man gyaɗa. Za ta yi ƙyalli na yini ɗaya, washegari ta kwashi ƙura ta zama laka, robobi kuma su kumbura. Man birki ya fi su sharri, shi cin fenti yake yi kai tsaye. Ko wajen ƙara shi a inji ya ɗiga a jiki, a wanke da ruwa nan take. Haka ruwan batir, haka tina, ruwan da ake sirka fenti da shi. Fetur ɗin da ke zuba a bakin tanki ma a riƙa gogewa. Sai kuma shawarar da ta fi kama da hankali amma ta fi ɓarna: a fesa kiliya a kan tsohon fentin don ya yi sheƙi ya kuma tsaru. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Sinadarin da ke cikinta yana iya tayar da tsohon fentin ya yamutse, in ma bai yamutse ba ba ta kama shi da kyau, bayan 'yan shekaru ta fara ɓarewa, kuma ba yadda za a cire ta ba tare da an tafi da na ƙasan ba.

Tsatsa kuwa magana ce daban, kuma a nan fanel-bitanku yana da gaskiyarsa. Tsufan fenti ado ne, tsatsa ciwo ce, ba a lallashinta. Sai dai a bambanta. In ɗan tabo ne inda tsakuwa ta fasa fenti, a kankare wurin kaɗai da bakin ƙaramar wuƙa ko ɗan guntun samfefa, a ɗiga maganin kashe tsatsa, wanda ke mayar da ita baƙa, a sa fentin ƙasa, sannan a ɗiga launi da tsinken sakace ko siririn buroshi, ɗigo-ɗigo har ya cika ramin. In kuwa fentin ya yi bororo, ya kumbura kamar ƙuraje, to daga ciki ta ciwo, abin da kake gani kaɗan ne. Gindin ƙofa haka yake yi. Kowace ƙofa tana da 'yan ramuka a ƙasanta don ruwan da ya bi gilashi ya fita. Ƙura da laka suna toshe su, ruwa ya kwanta a ciki duk damina. Ka sa tsinke ka buɗe su yau ɗin nan, na duk ƙofofi huɗun. Ka kuma ɗaga tabarmar ƙasa da ta but, ka duba gindin gilashin gaba da na baya, da wurin zaman batir.

Inda ƙarfe ya huje, a yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabon ƙarfe. Ba a cusa raga ko kwali a shafe da fila. Sannan a fesa wannan wurin kaɗai, a tsayar da sabon fentin a kan wani layi na jikin motar, inda ido ba zai kama bambanci ba. Wajen haɗa launi kada a dogara da lambar fentin masana'anta, domin ita za ta ba ka shuɗin 1970 da wani abu, motar kuwa ta koɗe. A gama wanki da folish tukuna, sannan a cire murfin tankin mai ko wani ƙaramin yanki a kai wa mai haɗa fenti ya kwaikwayi abin da ke gabansa, a gwada a rana, ba a cikin shago ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: tsofaffin fentin mota da yawa, musamman rawaya da ruwan lemo da ja da wasu fentin ƙasa, suna ɗauke da dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Ƙurar kankare tsohon fenti ita ma hanya ce. Duk kankarar da za a yi, a yi ta da ruwa, a wajen gida, nesa da yara da wurin girki da dabbobi, mai yi ya rufe hanci. Wannan ma wani dalili ne na ƙin kankare mota guda a tsakar gida.

Idan an gama duk wannan, sai kaki. Shi ne rigar da za ta ɗauki duka a madadin fenti. Wanda ake sayarwa don mota yawanci yana da kakin karnuba, da ake samu daga ganyen wani irin giginya a Barazil, kuma sai zafi ya wuce digiri 80 yake narkewa. Kakin zumarmu yana narkewa tun wajen digiri 62 zuwa 64, rufin mota kuwa a ranar bazara yana iya kaiwa nan har ya wuce, sai ya yi danƙo ya kama ƙura. Don haka a bar shi wa masu dukanci. Gidajen tarihi suna amfani da wani kaki da aka haɗa a ɗakin binciken British Museum a Landan a shekarun 1950, ana sayar da shi da sunan Renaissance Wax, yana da kyau ƙwarai a wuraren da fenti ya sirance har ƙarfe ya kusa bayyana, in ka samu mai kawo maka. A shafa siriri, a bari ya yi hazo, a goge. Sau biyu a shekara ba ya faɗuwa: kafin hunturu da kafin damina. Tsakanin nan, in ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa yana gangarowa, ya koma shimfiɗewa, to kakin ya ƙare.

Rumfar da take ciki ita ta cece ta har yau, amma ka sake dubanta da idon mai mota. A ƙauye abokan gabar fenti a tsakar gida suke kwana. Kaji da zabi da tattabaru in suka mayar da azarar rumfa wurin kwana, kashinsu yana cin fenti cikin 'yan kwanaki, ya bar tabon da folish ba ya fitarwa. In ka gani ka jiƙa shi da ruwa ya yi laushi, kada ka kankare. Akuya tana son hawa bonet, kofatonta kuwa ka san aikinsa. Buhunan takin zamani kada su kwana rumfa ɗaya da mota: taki yana jan laima, kuma yana sa ƙarfe tsatsa fiye da yadda kake zato. Haka ɗora buhun gero ko dammunan kara a kan rufinta don wuri ya yi kaɗan. Ƙasan rumfar in turɓaya ce tana tashin danshi da damina ta ci motar ta ƙasa, a yi daɓen siminti ko a zuba tsakuwa. Kwano in ya yi ƙasa da yawa yana gasa rufi, a ɗaga shi ko a sa zana a ƙarƙashinsa. Tamfol da leda kuwa ba na son su: suna riƙe gumi a ciki, iska kuma tana kaɗa su suna gogar fenti da ƙurar da ke tsakani. In dole sai an rufe, to da tsohon zanen gado na auduga, bayan an wanke motar, a ɗaure shi kada ya riƙa motsi. Gindin darbejiya da mangwaro ba wurin ajiya ba ne, saboda 'ya'ya da danƙo da tsuntsaye da jemagu.

Za su tambaye ka, duk wannan wahala don me, tunda sabon fenti ya fi ɗaukar ido? A wajen masu tara tsofaffin motoci a duniya, ra'ayi ya juya. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke lissafa mota a matsayin ta tarihi in ta kai shekara 30, ta fitar da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, ta fara aiki a 2013, tana ɗaukar alamun tsufa da na amfani a matsayin wani ɓangare na tarihin mota, ba aibin da za a shafe ba. A 2015 an yi gwanjon wata Ferrari ta 1961 a Faris, wadda aka tarar a ajiye ƙarƙashin tarin mujallu a yammacin Faransa, da ƙurarta da lotsawarta, ta haura Yuro miliyan 16. A 2024 kuma, a gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach da ke Kalifoniya, wata Bugatti ta 1934 da ba a taɓa sabunta ta ba, da karce-karcenta da tsohuwar fatar kujerunta, ita ta zo ta ɗaya, karo na farko da irinta ta yi haka.

Ba zan ruɗe ka ba, 504 ba Ferrari ba ce, kuma dillalin da zai zo daga Ƙofar Ruwa ba lalle ya ƙara maka ko sisi don fentin asali ba. Amma mai saye da ya san mota ya fi natsuwa da tsohon fenti, don ba ya ɓoye komai: ko ta taɓa haɗari, ko ba ta taɓa ba, a fili yake. Sabon feshi a kan tsohuwar mota kullum tambaya yake jawowa, me aka rufe? Ban da wannan, ka je ka dubi saman ƙofar direba, daidai inda gwiwar hannu ke sauka in an sauke gilashi. Na tabbata za ka tarar fentin wurin ya fi ko'ina sulɓi da haske. Hannun Alhaji ne ya yi wannan, shekara da shekaru a hanyar Ringim zuwa Kano.

Duk da haka akwai lokacin da ni da kaina zan ce a fesa. In gwajin ya nuna an riga an taɓa fesa ta kuma filar tana tsattsagewa, babu abin da ake karewa. In fentin ya cinye har fentin ƙasa ko ƙarfe ya bayyana a mafi yawan rufi da bonet, kaki ba zai riƙe shi ba. In kuma magada sun yanke za ta koma aiki kullum, ana lodi ana cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, to kariya ta fi tarihi. A irin wannan hali a ɗauki hotonta ta ko'ina kafin a taɓa, a mayar mata da launinta na asali, a cire gilasai da robobi maimakon liƙe su, a bar cikin but da ɗakin inji da bakin ƙofofi yadda suke, kuma kada a yi feshin cikin hazon hunturu ko tsakiyar ruwan Agusta.

Tunda motar gado ce, ba kai kaɗai ke da magana ba, kuma ba a yi wa yayye gardama a kan abin da za a iya nuna musu. Ka roƙe su mako ɗaya. Wanki, man shafi, folish da kaki aikin kwana uku ne ko huɗu ga mutum biyu, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na feshi ba, za ta kuma ɗauki amarya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Shi kuma fanel-bita kada a sallame shi hannu rabbana, a ba shi aikin gindin ƙofofin nan biyu bayan biki. Ku yi ciniki a kan su kaɗai, a gaban shaida, ka zana masa iyakar inda zai tsaya da alli, a cire ƙofofin a kai masa, gangar motar ta zauna a gida.